Naman Salla: Mu Ci da Daɗi, Mu Tashi Ba Da-na-sani

Darasinmu na wannan fitowa a kan cin abinci ne a kwanakin salla, musamman Sallar Layya.

Kowa ya san yadda wannan rana take a Damagaram. Da hantsi a sauko daga idi, Mai Martaba Sarki ya koma fada cikin Birni, wanda Sarki Tanimun ya kewaye da ganuwa tun ƙarni na 19, mahaya da dogarai suna biye da shi, kakaki da algaita suna tashi. Kafin azahar an yanka raguna, an feɗe, an banƙare su bisa sanduna, an jera kewaye da wuta a ƙofar gidaje, daga Birni har Zango. Mata suna cikin gida suna suyar kayan ciki. Washegari a datsa nama a rarraba, yara su yi ta kai da kawowa da kwanoni. Haka abin yake a Mirriya da Magarya da Matamaye da Tanut da Gure, da ƙauyukan da ke kewaye da su.

Amma bayan kwana uku sai mu fara jin wata magana daban. Wannan ya riƙe ciki yana cewa: "Da na sani ban ci da yawa ba." Waccan dattijuwa mai hawan jini ta ci yanka biyu a ɓoye, ta kwana gabanta yana faɗuwa. Wancan magidanci kuwa ya sayar da hatsin rumbu ya sayi rago don gudun gori, ga shi yanzu yana ƙirga watannin da suka rage kafin kaka. Dukansu uku sun ci nama, amma babu wanda ya ci daɗin salla. Abin da za mu koya yau shi ne yadda za mu ci abincin salla cikin natsuwa, mu ji daɗinsa, mu tashi ba nadama.

NAMA BA ABOKIN GABA BA NE

Mu fara da wanke nama daga zargi. A yawancin gidajenmu na karkara abincin yau da kullum shi ne tuwon hatsi da miyar kuka, da fura, wani lokaci da wake. Nama sai jifa-jifa: ranar kasuwa, ranar suna, ko ranar salla. Alhali kuwa jiki yana bukatar abin da ke cikinsa. Akwai sinadarin gina jiki, wanda yara ke girma da shi. Akwai sinadarin ƙarfe, wanda jiki ke yin jini da shi, kuma na cikin nama ya fi na ganye saurin shiga jiki. Hanta cike take da bitamin A, mai kare ido daga dundumi, mai kuma taimakon yaro wajen yaƙi da cuta.

Babban binciken lafiyar jama'a da aka yi a Nijar a 2012 ya nuna cewa cikin yara 100 ƴan wata 6 zuwa shekara 5, guda 73 suna fama da ƙarancin jini. Cikin mata 100 masu shekarun haihuwa kuwa, 46 ne. Mu da muka ga ƙarancin abinci na 2005 da na 2010, mun san darajar loma. Saboda haka naman layya alheri ne da ke shigowa gida sau ɗaya a shekara. Malamanmu ma sun koya mana cewa ranar salla ba a azumi, rana ce ta ci da sha da godiya. Wanda ya ci rabonsa bai yi laifin komi ba.

TO, INA MATSALAR TAKE?

Matsalar tana wuri uku: gaggawa, da cin da ya wuce kima, da rashin tsabta.

Gaggawa. Tsakanin ciki da ƙwaƙwalwa akwai manzo, sai dai ba mai sauri ba ne. Yakan ɗauki kamar minti 20 daga fara ci kafin mutum ya ji cewa ya ƙoshi. Wanda ya yi ta haɗiya ba tauna, kafin manzon ya iso ya riga ya wuce iyaka.

Cin da ya wuce kima. Cikin da ya saba da tuwo da fura wata da watanni, rana ɗaya sai a cika shi da kitse da soye. Kitse kuwa shi ne abincin da ya fi daɗewa a ciki kafin ya wuce. Daga nan ne ƙwannafi da kumburi da gyatsa mai wari ke fitowa. Ban da haka, nama ba shi da irin dusar nan da ke cikin hatsi da wake da ganye, wadda ke sa bayan gida ya fita cikin sauƙi. Wanda ya wuni biyu yana cin zallan nama, kada ya yi mamaki in cikinsa ya ɗaure.

Rashin tsabta. Yawancin zawo da amai na bayan salla daga ƙwayoyin cuta suke, waɗanda ke hayayyafa cikin naman da aka bari cikin zafi da ƙudaje. Mu lura: kowace shekara salla tana matsowa gaba da kwana 10 ko 11. A 2024 an yi Sallar Layya a tsakiyar watan Yuni, a 2025 a makon farko na Yuni. Wato tana ta shiga cikin bazara, lokacin da zafin Damagaram ke haura awo 40. A irin wannan zafi nama ba ya jira. Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye haka nan. In ya wuce, sai a sake ɗora shi a wuta ya yi zafi har cikinsa kafin a ci.

YADDA ZA MU CI

1. Mu karya kumallo yadda muka saba. Wanda ya ƙi cin komi tun safe wai yana ajiye wa nama wuri, shi ne ke far wa kwano kamar an kore shi.

2. Mu wanke hannu da ruwa da sabulu. Mun san tsadar ruwa a Damagaram, amma buta ɗaya tana wanke hannun mutum biyar in ana zuba wa juna. Kada kowa ya tsoma hannu cikin kwano ɗaya.

3. Mu zauna, mu ajiye salula, mu yi bisimilla. Mu dubi abincin, mu ji ƙamshinsa, mu tuna wahalar wanda ya yi kiwo da wadda ta yi girki. Wanda ke ci a tsaye, ko idonsa yana kan waya, bai san abin da ya ci ba, shi ya sa yake neman ƙari.

4. Mu tauna da kyau. Daɗin nama a baki yake, ciki bai san ɗanɗano ba. Kowa ya lura zai ga cewa yankan farko da na biyu sun fi na goma daɗi. Sannu ba ta hana zuwa.

5. Kada nama ya tafi shi kaɗai. A haɗa shi da tuwo ko shinkafa, da kwaɗon zogale ko na rama, da tumatir da albasa, irin waɗanda garakenmu na Mirriya da Gidimuni ke fitarwa. Ganye yana sauƙaƙa ciki. Lemun tsami da tumatir da mangwaro kuwa suna da bitamin C, mai taimakon jiki ya tsotsi sinadarin ƙarfe.

6. In an kai tsakiyar ci, mu ɗan dakata, mu sha ruwa, mu tambayi kanmu: yunwa ce har yanzu, ko kwaɗayi? Malamai sun daɗe suna koyar da raba ciki uku, kashi ɗaya na abinci, ɗaya na ruwa, ɗaya na numfashi. Likitoci ba su da abin da ya fi wannan.

7. A jinkirta shayi. Shayi yana hana sinadarin ƙarfe shiga jiki yadda ya kamata. A bari sai bayan awa ɗaya, musamman mata da yara.

8. Kada a kwanta da cikakken ciki. A tashi a taka, a je gaida dangi da ƙafa.

YAWON BARKA DA SALLA

Ga inda da yawa daga cikinmu ke faɗuwa. Mutum ya shiga gida shida, kowane gida a kawo masa nama da alkaki da lemun kwalba, kunya ta hana shi cewa ya ƙoshi. Alhali girmama mai gida ba sai an share kwano ba. A taɓa, a yaba, a yi addu'a. Saurayi yana iya cewa: "Inna, wallahi ya yi daɗi, Allah ya ƙara albarka. Ki ƙunsa mini sauran in kai gida." Dattijo yana iya cewa: "Hajiya, na taɓa, Allah ya maimaita mana." Ba uwar gidan da za ta ji haushin wannan.

Mu kuma masu masauki, mu rage tilasta wa baƙo. In ya ce ya ƙoshi, mu yarda. Wataƙila yana da larurar da ba ya son faɗa cikin mutane. Mu ajiye ruwan sanyi kusa da shi, domin lemun kwalba ɗaya yana iya ƙunsar sukarin da ya kai ƙwaya 7. OMS ta ce sukarin da babba zai sha a wuni kada ya wuce giram 50, wato kamar ƙwaya 10, in ma ya tsaya a rabin haka ya fi. Kwalba biyu kaɗai sun wuce iyakar, tun ba a taɓa alkaki ba. Alkakin Damagaram ya yi suna, kuma ya cancanta. A ci guda ɗaya a hankali, a ji daɗinsa, ya fi biyar da aka haɗiye ana hira.

MASU LARURA SU MA DA RABONSU

Mai hawan jini zai ci nama. Abin da zai kiyaye shi ne gishiri. OMS ta ce gishirin wuni kada ya kai giram 5, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke ɓoye cikin abinci. Dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne, yajin nama yakan zo da gishiri da magi, kanwa ita ma tana da sinadarin da ke cikin gishiri. A ware masa tsoka marar kitse, a gasa ko a dafa da tafarnuwa da citta da albasa.

Mai ciwon sukari shi ma zai ci. Tsoka ba ta tayar da sukarin jini kamar yadda lemun kwalba da alkaki da tulin shinkafa ke yi. Ya ci a kan lokaci, ya yawaita ganye, ya sha ruwa. Wanda ke fama da kumburin gaɓoɓi irin na babban yatsan ƙafa kuwa, ya rage kayan ciki.

Mai ciki ta ci nama wanda ya dahu sosai, tana bukatarsa fiye da kowa. Hanta ce kawai za ta yi hattara da ita, domin yawan bitamin A yana iya cutar da ɗan da ke ciki.

Dukansu kada su bar shan maganinsu saboda salla. Kuma ya fi kyau su je gidan likita a auna su tun kafin ranar. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya san awonsa zai zauna cikin iyalinsa ya ci a fili, ba ɓoyo, ba fargaba.

WA YA FI BUKATAR NAMAN?

A gidaje da yawa, tsoka da hanta suna tafiya zaure wurin maza, yara su samu ƙashi, mace kuwa da ta wuni gaban murhu ta ci abin da ya rage, a tsaye. Mu tuna lissafin da muka kawo a sama: ƙarancin jini ya fi yawa ga yara da mata. Maigida na gari shi ne zai fara cewa a fitar da rabonsu. Yaron da ya cika wata 6 ana iya daka masa tsoka ko ƴar hanta mai laushi a sa masa cikin kunu, yana kuma ci gaba da shan nono. Wanda bai kai wata 6 ba, nonon uwa kaɗai ya ishe shi. Uwar gida kuma ta zauna ta ci nata cikin natsuwa. Salla ta kowa ce.

MU SHIMFIƊA NAMAN

Ga ɗan lissafi. Mu ɗauka rago ya ba da nama kilo 15. An yi sadaka da kilo 5, an kai wa dangi da maƙwabta kilo 5, saura kilo 5 a gida, ban da wanda wasu za su aiko. In gidan ya cinye kilo 5 cikin kwana biyu, an samu ciwon ciki, an koma miyar lami. In kuwa an ci kilo 1 a kwanakin salla, aka adana kilo 4, ana sa rubu'in kilo cikin miya kowace rana, yara za su ci miyar nama har kwana 16. Jiki ya fi amfana da kaɗan-kaɗan kullum bisa ga tuli rana ɗaya. Masana masu binciken ciwon daji ma sun ba da shawara cewa jan naman da babba zai riƙa ci a mako kada ya wuce rabin kilo.

Hanyoyin adanawa iyayenmu sun san su. A soya nama har ruwansa ya ƙone, a ajiye cikin tukunya mai murfi. Ko a yanka shi siriri a shanya a rana bisa igiya, a rufe da ƙyalle mai shara-shara saboda ƙudaje. Ko a yi dambun nama ko kilishi. Mai firigo ya kula da ɗaukewar wuta: naman da ya narke a dafa shi, kada a sake daskarar da shi. Naman da ya yi wari, ko yauƙi, ko ya sauya launi, a zubar. Asarar yanka ɗaya ta fi kwanan asibiti sauƙi.

Tsabta tana farawa tun daga turke. Kada a yanka dabba marar lafiya. A 2016 zazzaɓin Kwarin Rift ya ɓarke a yankin Cintabaraden cikin jihar Tawa, cutar da mutane ke ɗauka daga jini da naman dabbobi marasa lafiya. In an yi wa rago allura dab da salla, a tambayi malamin dabbobi kwana nawa za a jira kafin a yanka. Hanta ko huhun da aka ga ƙuraje ko tsutsa a ciki, a binne, kada a jefa wa karnuka. Kada a babbake kai da ƙafafu da taya ko leda. Wurin da ya ƙone ƙurmus a jikin gasasshen nama, a kankare shi.

In yaro ya kamu da zawo, a jiƙa masa garin gishiri da sukari na gidan likita, ƙunshi ɗaya cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a ba shi ƙwayar zinki kwana 10 zuwa 14, a ci gaba da ba shi nono da abinci. In akwai jini, ko amai ya ƙi tsayawa, ko yaron ya galabaita, a garzaya da shi gidan likita.

IN AN RIGA AN CI DA YAWA FA?

Ba abin tashin hankali ba ne. Kada a sha filasko ko kanwa wai don wankin ciki, domin suna iya jawo zawon da zai ƙarar da ruwan jiki. Kada kuma a hora kai da yunwa. A sha ruwa, a yi tafiya, washegari a koma kunu da tuwo da miyar ganye yadda aka saba.

A Amurka, a shekarar 2000, likitoci sun fitar da sakamakon awon mutane 195 kafin bukukuwansu na ƙarshen shekara da bayansu. Nauyin da mutum ya ƙara, in an daidaita, bai kai rabin kilo ba. A ƙasar Niyu Zilan kuma, a wani binciken da aka fitar a 2014, masana sun tambayi mutane abin da ke zuwa zuciyarsu in an ambaci wani kek mai zaƙi: murna ko jin laifi? Bayan wata 18, masu jin laifi su ne suka fi kasa riƙe nauyin jikinsu. Ashe zargin kai ba ya gyara ci. Abin da ke gina lafiya ko ya rushe ta shi ne abin da muke ci sauran kwanakin shekara.

Wannan darasi ya shafi Ƙaramar Salla ma. Cikin da ya yi wata guda yana azumi, a fara masa da abu mai sauƙi, a ƙara a hankali.

WANDA BAI SAMU RAGO BA

Da-na-sanin da ya fi daɗewa shi ne na bashi. Hausawa sun ce salla ta wuce ta bar wawa da bashi. Layya a kan mai hali take, wanda bai da hali babu laifi a kansa, kuma akuya ma tana isa. A shekarun da salla ke faɗowa bakin damina, rumbu ya yi ƙasa, aikin gona yana gaba. Wanda ya sayar da iri ko hatsin noma don rago ya ci naman kwana biyu da yunwar wata uku.

Manomi mai dabara yana shirin layya tun kaka. Ya tara harawar wake da ta gyaɗa bisa rumfa, ya tsinci ƴaƴan gawo, ya ajiye dusa. Ya sayi ɗan rago lokacin da kuɗinsa bai hau ba, ya turke shi wata uku ko huɗu. In hali ya yi ya turke biyu, ya sayar da ɗaya, ya yanka ɗaya. Maƙwabta kuma su haɗa ragunansu a wuta ɗaya, itace ya ragu, daji ya huta. Mu da muka yanka, mu fara aika wa gidan da ba a yanka ba, kuma mu aika tsoka mai kyau. Kowa ya ci shi kaɗai, shi kaɗai zai mutu.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA A AJI

1. Minti nawa mutum ke ɗauka kafin ya ji ya ƙoshi?
2. Me ya sa ake haɗa nama da ganye da lemun tsami?
3. In gida ya adana kilo 3, ana sa rubu'in kilo a miya kullum, kwana nawa zai yi?
4. A gidajenmu, wa ke fara cin hanta, wa ya kamata ya fara?
5. Da waɗanne kalmomi za ka gaya wa surukarka ka ƙoshi ba tare da ta ji haushi ba?

Wanda ya karanta ya karanta wa wanda bai iya ba. Lafiya uwar jiki. Allah ya kai mu salla lafiya, ya ba mu damina mai albarka, amin.